Yadda mai shago zai kashe rigimar farashi a bakin kanta tun ba ta zama zancen gari ba

Shekara shida na yi ina yaron shago a kasuwar Singa ta Kano kafin in dawo gida in buɗe nawa a ƙasar Ringim. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wata tsohuwa ce da sabulu. Ta ɗauki guda biyu, ta miƙa kuɗin da ta saba biya, yarona ya ce saura naira 100. Ta ce ai ranar Laraba ba haka ta saya ba. Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Iya, in ba za ki saya ba ki ajiye." Ta ajiye. Abin da yaron bai lissafa ba, 'ya'yanta maza huɗu ne a gida ɗaya, kowa da iyalinsa, kuma duk a wurina suke sayen magi da omo da taliya. Wata biyu cur ban ga ɗan aiken gidan nan ba.

A kasuwa irin ta Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, gardamar farashi tana da hanyarta. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a sallama ko a rabu lafiya. Shago ba haka yake ba. Ba a tayawa, don haka gardamar ba ta fitowa sai an zuba kaya a leda, kuɗi ya fito daga aljihu, ga mutane a tsaye suna jira. A daidai nan ne mutum yake jin kamar ana so a kunyata shi, mai shago kuma yake jin kamar ana kiransa macuci. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 abin ya ƙara yawa, domin kuɗin mota daga Kano ya tashi, kaya kuma sai ka saro yau da wani farashi, mako mai zuwa ka tarar da wani.

Ga yadda nake bi yanzu, daga kafin rigimar ta taso har bayan ta lafa.

Mataki na farko: ranar da ka dawo sari, kada ka kwana ba ka gyara farashi ba

Yawancin rigimar da ake yi a bakin kanta, a daren dawowa daga kasuwa aka haife ta. Ka dawo a gajiye, an sauke katan-katan, ka ce gobe ka rubuta. Gobe tun da sassafe masu sayen sukari da madara sun zo, tsohuwar sitika tana nan a jikin kaya, sabon farashi kuma yana cikin kanka kai kaɗai.

Ka sami alƙalamin maka da guntayen kwali. Duk kayan da farashinsa ya motsa, ka cire tsohon rubutu gaba ɗaya, kada ka manna sabo a gefensa ka bar biyu suna kallon mai saye. Kayan da ake yawan tambaya, irin su taliya, man girki, sukari, fulawa, sabulu da omo, ka jera su a allo ɗaya ka rataye inda ido zai gani daga bakin ƙofa. In kana da yaro, ka kira shi tun kana tashar mota ka karanta masa abin da ya tashi, don kada ya sayar da rabin shago a tsohon kuɗi ko ya ƙara yadda ransa ya so.

Wannan ba ra'ayina ba ne kawai. Akwai dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 115 ya ce kada a baje kaya ba tare da nuna farashi ba, kada kuma a karɓi fiye da abin da aka nuna. In farashi biyu ne a jikin kaya, mafi ƙanƙanta shi ne na mai saye. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda abin da ke rubuce a jikin kanta daban, abin da ake caja wurin biya daban. Na san babu jami'in da zai taso daga Abuja don shagona mai ƙofa ɗaya. Amma ƙa'idar ta yi daidai da abin da iyayenmu suka sani tun kafin a rubuta ta: abin da ka faɗa, shi ne ka faɗa.

Da yake ba kowa ke karanta boko ba, rubutu kaɗai bai isa ba. Ka saba wa bakinka da faɗin kuɗi tun mutum yana nuna kaya: "Baba, wannan ya koma 1,000 fa, a sa?" Sai ya ce a sa, sannan ka ɗauko leda.

Mataki na biyu: da mai saye ya ce "ba haka ba ne", ka janye hannunka

Minti ɗayan farko shi ne komai. Kada ka fizge ledar, kada ka jefa kuɗinsa cikin durowa ka rufe, kada kuma ka juya wurin na bayansa kamar an gama da shi. Ka bar kuɗin a kan kanta inda kowa ke gani, kaya ma a nan. Muddin kuɗin na waje, mutum bai ji an ƙwace masa komai ba.

Sannan ka kalle shi ka kira shi da sunan da ya dace da shi. Dattijo Baba ne ko Malam, tsohuwa Iya ko Inna, sa'anka Yaya ko Malam wane. Ka ce, "Yi haƙuri Baba, nawa kuka sani?" Ka yi shiru ya gama. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a nan ba ta cin ko kwabo.

Akwai maganganun da na hana a shagona, ko da mu ne da gaskiya: "in ba za ka saya ba ka ajiye", "je ka wani wuri mana", "ni na ce kaya su yi tsada?", da kuma "haka maigida ya ce" in an faɗe ta don a rufe baki. Mafi muni ita ce "kuɗinka ne bai kai ba". Mutum zai manta da naira 100, amma ba zai manta an faɗi wannan a gaban surukinsa ba. Magana zarar bunu ce.

Mataki na uku: ka gano wace irin rigima ce

Ba duka ɗaya ba ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wani ya ga tsohon rubutu ne a jikin kaya. Wani yaronka ne ya faɗa masa farashi da safe, ya je gida ya ɗauko kuɗi, ya dawo ya tarar da kai kana faɗin wani. Wani kuskuren lissafi ne, naka ko nasa. Wani kuma farashin makon jiya ne a kansa, ko wanda ya ji ana sayarwa a kasuwar Gujungu.

Hanyar ganewa ita ce a sake lissafi tare. Zazzage ledar, ka ware kaya ɗaya bayan ɗaya, kana faɗin kuɗin kowanne da ƙarfi, kalkuleta tana fuskantarsa ba kai ba. Sau da yawa a nan za ka ga an danna abu ɗaya sau biyu, ko an lissafa rol ɗin madara a matsayin dozin. In ya ce ya ga rubutu, kada ka ce babu. Ka taka da ƙafarka ku je ku duba. In ya ce yaro ne ya faɗa masa, ka tambayi yaron a hankali, "Nawa ka ce wa Baba?" ba cikin tsawar da za ta sa ya yi ƙarya don tsira ba.

Mataki na huɗu: yanke hukunci, kuma ka yanke da sauri

In laifin daga shago ne, ko rubutu ko bakin yaro, ka sayar masa a yadda ya gani ko ya ji. Ba gardama, ba "to bari mu raba". A ce rubutu ya nuna 900, kai kuma 1,000 ka sani. Ka karɓi 900, ka ce, "Gaskiyarku ce, mu ne ba mu gyara ba." Sannan a gabansa ka cire takardar ka rubuta sabo, don ya san gobe ba haka zai tarar ba, na bayansa ma su gani. Asararka naira 100 ce. Mutumin da ke kashe 3,000 a mako a wurinka, cinikinsa na shekara ya haura 150,000. Yi lissafin da kanka.

Inda nake tsayawa shi ne kuskuren da kowa ya san kuskure ne, kamar jarkar mai ta 15,000 a rubuta 1,500 saboda sifili ya faɗi. A nan sai in nuna masa, in ba shi haƙuri, in ce wannan ba zan iya ba. A garinmu ban taɓa samun wanda ya kafe a kan irin wannan ba, dariya ma ake yi.

In kuwa shi ne bai san kaya sun tashi ba, aikinka ka buɗe masa ƙofar fita ba tare da ya ji kunya ba. Ka faɗi dalili a taƙaice: "Wallahi Malam, katan ɗin ya ƙaru a Singa wannan zuwan." Sai ka ba shi zaɓi: ya ɗauka a sabon kuɗi, ko a rage adadi ya yi daidai da abin da ke hannunsa, ko a kawo masa wani iri mai sauƙi, ko ya bari a mayar masa da kuɗinsa cif. Rage adadin ya fi yin aiki, domin sau tari ba gardama mutum yake so ba, kuɗin da ya zo da shi ke nan, kuma ba ya son ya faɗa. In ka lura haka ne, ka rage murya. Rasit ɗin sari ma kana iya nuna masa, amma a gefe, ba ka ɗaga shi sama kamar mai kafa hujja a gaban alƙali ba.

Wanda ya biya ya tafi sannan ya dawo da kaya ba a buɗe ba yana cewa ya fasa, ni ina karɓa. Malamanmu na Malikiyya sun ce ciniki ya ƙullu da zarar an yi na saya na sayar, don haka ba dole ba ne a kanka. Amma akwai hadisin da ya yi alkawarin yafiyar Allah ga wanda ya yarda ya warware ciniki da Musulmin da ya yi nadama. Sabulun da ya dawo cikin takardarsa, gobe wani zai saya.

Mataki na biyar: ɗan aike

Wannan shi ne abin da masu kantunan birni ba su sani ba. A karkara rabin cinikinka ba da masu kuɗin kake yi ba, da yaran da aka aiko ne. Matar gida tana ciki, ta ƙirga kuɗi daidai da farashin da ta sani, ta ba ɗan shekara bakwai. Ya zo, kuɗi bai kai ba, ko canjin da ya koma da shi bai cika yadda ta lissafa ba. Abu biyu ne zai faru: ko a doki yaro a ce ya sayi alawa, ko a ce mai shago yana cutar yara. Duka biyun a kanka suke ƙarewa, kuma zance in ya shiga gidan suna, kafin magariba ya gama unguwa.

Don haka kada ka taɓa rage wa ɗan aike kaya ko canji ka yi shiru. Ka yagi 'yar takarda ka rubuta abin da ya saya, kuɗin kowanne, abin da ya kawo da canjinsa, ka naɗe canjin a ciki ka sa a leda. Ko ita ba ta karatu, akwai ɗan makaranta a gidan. Sannan ka maimaita wa yaron saƙo har ya riƙe: "Ka ce wa Umma magi ya koma kaza." In gidan da ka sani ne kuma abin da ya rage kaɗan ne, ka ba shi kayan, ka rubuta saura, ka ce a aiko da shi. Tukunya tana kan wuta, mayar da yaro hannu rabbana saboda naira 50 ba dabara ba ce.

In yaron ya dawo da saƙon cewa an ce ba haka ba ne, kada ka yi musu da shi, shi ba shi da ta cewa. In akwai lambar gidan ka kira, in babu ka jira maigidan a masallaci ka yi masa bayani. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Mataki na shida: canji, POS da tiransifa

Rashin canji farashi ne a ɓoye. In ka ba mutum alawa ko ashana a madadin naira 50 ba tare da ya yarda ba, ka ƙara masa kuɗin kaya ne kawai. Ka tambaya tukuna: "Babu 50, a ba ku ashana ko in rubuta muku?" In ya ce a rubuta, ka rubuta da gaske, kuma ka riga shi tunawa in ya dawo.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, tiransifa ta shigo har ƙauye. In kana ƙara wani abu a kan mai biya da kati ko tiransifa, ka faɗa kafin ya danna, ba bayan kuɗi ya fita ba. Ni na daina ƙarawa a ƙananan ciniki, rigimarsa ta fi ribarsa.

Sai babbar matsala: ya ce an cire masa, kai ba ka ga alat ba. Kada ka kira shi ɗan damfara, kada kuma ka saki kaya don ya nuna maka hoton waya, domin alat na bogi gaskiya ne yana yawo. Ka buɗe manhajarka ta Moniepoint ko OPay ko ta banki ka duba abin da ya shigo, ba saƙon tes ba. In na'urar POS ta fitar da takardar cewa bai yi ba, ka ba shi takardar ya riƙe, da ita zai bi kuɗinsa. Babban Bankin Najeriya ya sa wa'adin awa 72 tun 2020 don warware irin wannan na POS, ko da yake wani lokaci yakan wuce haka. Ka ɗaure kayansa a leda, ka rubuta sunansa, ka ce da ya shigo za a kai masa har gida. In mutumin gari ne da ka san gidansu, ba shi ya tafi, ka rubuta a littafi.

Mataki na bakwai: littafin bashi

Manomi ya ɗauki kaya da damina, zai biya da kaka. Kafin nan kaya sun tashi, sai wasu masu shago su lissafa masa da farashin ranar biya. Wannan ba daidai ba ne. Ciniki ya faɗa ranar da ya ɗauka, abin da ke kansa kuɗin ranar ne, ƙari a kan bashi saboda jinkiri kuwa sunansa riba, irin wadda aka haramta. Tushen rigimar shi ne rubuta "taliya 5" ba tare da kuɗi ba. Ka rubuta kwanan wata, kaya, da kuɗi, ka karanta masa kafin ya tafi. In kana tsoron hauhawar farashi za ta cinye maka jari, ka rage yawan bashin da kake bayarwa ko ka gajarta wa'adi tun farko.

In murya ta fara tashi

Ka fito daga bayan kanta. Ka bar yaro ya ci gaba da sallamar mutane, kai ka ja mutumin zuwa benci ko inuwa, ku zauna. Wanda ke zaune ba ya iya ihu kamar wanda ke tsaye, kuma babu 'yan kallon da zai ji dole sai ya nuna musu bai faɗi ba. In akwai dattijo a kusa, ka ce, "Baba, ku saurare mu." Abin da ya yanke ka karɓa, ko da ka ga an ɗan danne ka.

In kuɗin mai yawa ne, kamar buhun taki ko maganin feshi, kuma ba ku daidaita ba, akwai mai unguwa da dagaci, a cikin kasuwa kuma akwai sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa. Ofishin Hisba ma yana yin sulhu. Mai saye yana da damar kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, kada ka ɗauki hakan cin mutunci. Abin da ba na so shi ne a kira 'yan sanda a kan naira 500. Kuɗin mashin zuwa caji ofis kaɗai ya fi haka, gaba kuma ta ɗore har 'ya'ya.

Yaronka kuma, kada ka zage shi a gaban mai saye don ka faranta wa mai sayen rai, kada kuma ka goya masa baya in ya yi rashin kunya. Ka ba da haƙuri a madadinsa, ku yi maganarku bayan an rufe. Yawancin yaran shago suna kafewa ne don tsoron maigida zai cire a kuɗinsu. Ni na ce wa nawa duk saɓanin da bai wuce naira 200 ba ya sallama ba sai ya kira ni ba, ya dai rubuta a bayan littafi. Da daddare muna dubawa. In na ga kaya ɗaya ya fito sau uku, na san takardarsa ce ba a gyara ba.

Bin sawu

Wanda ya tafi cikin fushi, kada ka jira ya dawo da kansa, kuma kada ka bari ya kwana biyu. Ni na yi wannan sakacin da tsohuwar nan, sai da na ga wata biyu sun wuce sannan na ɗauki sabulu biyu bayan la'asar na je na yi sallama. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta fito, muka gaisa, na ce, "Iya, na zo ba da haƙuri ne a kan abin da ya faru." Ta karɓi sabulun ta juya shi, ta kunce bakin zaninta ta ƙirgo kuɗinsa har da naira 100 ɗin ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ɗan nan, ba kai ka faɗa mini magana ba. Wanda ya faɗa shi nake so in gani."

Washegari da safe kafin mu buɗe, na tura yaron.